Yadda Za Ka Kare Kasuwancinka Daga 'Yan Damfarar Kuɗin Wuta

Mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ba ya iya jure wuni guda babu wuta a watan Afrilu. Haka tela a goman ƙarshe na azumi, ɗinkin Sallah jibge a kan tebur. Haka mai walda, da mai injin markaɗe, da mai cajin waya, da mai kemis ɗin da ke ajiye allurai a firij. Ɗan damfara ya san wannan sarai, shi ya sa ba ya zuwa ranar da kasuwa ta yi sanyi. Yana zuwa ne lokacin da rashin wutar awa uku zai jawo maka asarar da ta ninka abin da yake nema, domin a irin wannan hali mutum ba ya tsayawa lissafi, biya yake yi ya rabu da fitina.

An cuci masu wayo da yawa ta wannan hanya, saboda tsoro yakan riga wayo isowa. Abin da ke tsare dukiya shi ne ƙa'idar da ka kafa wa shagonka tun hankali yana kwance: kuɗin wuta hanya ɗaya yake bi, asusun kamfani yake shiga, a kan lambar mitarka ko lambar bil ɗinka, kuma sai da rasit. Duk dabarun da za mu duba a nan ƙoƙari ne na sa ka karya wannan ƙa'ida sau ɗaya tak.

San wanda kake biya

An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan daga watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni 11. KEDCO ce ke da Kano da Katsina da Jigawa. Kaduna Electric na da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Kamfanin Jos na kula da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, na Yola yana da Adamawa da Borno da Yobe da Taraba, AEDC kuma na da Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa. Amma a bakin jama'a har gobe duk wanda ya ɗauko tsani da filaya ɗan NEPA ne, kuma a cikin wannan rashin tantancewa mazambaci yake fakewa.

Ka ware safiya ɗaya ka je ofishin kamfanin da ke kula da layinku. Ka tambayi sunan jami'in da ke raba bil a unguwar, ka karɓi lambar wayar sashen ƙorafi daga bakinsu, ka gwada ta da wadda ke jikin bil. Ka tabbatar da sunan da ke kan mitarka ko bil ɗinka, domin shaguna da yawa suna tafiya ne da sunan tsohon ɗan haya, wani lokaci har da bashinsa. Ka tambayi rukunin da layinka yake: rukunin A shi ne wanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma kowanne da farashinsa. Ka rubuta duk wannan a kati, ka manna a cikin durowar kuɗi.

Masu zuwa har ƙofa

Yawanci su biyu ne ko uku. Ɗaya da riga mai ƙyalli da hular kwano, ɗaya da takardu a hannu. Kafin ma a gaisa an jingina tsani a jikin falwaya, kuma da gangan ake yin haka, don ka gani gabanka ya faɗi.

"Sannu da aiki, Alhaji. An turo mu yanka ne, akwai bashi a kan layin nan."

Ka ce ai ka biya makon jiya.

"To, bai hau ba a wurinmu. Mu dai umarni aka ba mu. Amma tunda kai babba ne, kawo rabi yanzu mu tsallake ka, in na koma ofis zan gyara."

Lura da abin da ya faru a wannan 'yar magana. Ya kawo matsala, ya nuna ba laifinsa ba ne, ya girmama ka, sannan ya sayar maka da mafita, duk a cikin minti biyu, kwastomomi suna tsaye suna kallo. Amsar da ta fi dacewa ba ta buƙatar ɗaga murya: "Madalla, Yallaɓai, ga kujera. Bari in kira ofis." Ka nemi katin shaidarsa, ka kwafe suna da lamba a takarda a gabansa. Ka nemi takardar yanka mai ɗauke da lambar asusunka, domin ƙa'idojin hukumar NERC, mai sa ido kan harkar wuta, sun ba ka haƙƙin samun sanarwa a rubuce, kuma bil yana zuwa ne da ranar biya, ba a kawo shi yau a yanke yau. Sannan ka kira lambar da ke cikin durowarka. Idan ya ce, "Ga lambar manajanmu, kira shi ka ji," kada ka karɓa. Wanda zai ɗaga wayar abokin cin mushensa ne, yana zaune yana jiran kiran.

Na bogi yakan tuna cewa akwai wani aiki da ke jiransa a layi na gaba. Na gaske ba ya jin haushin kiran ofis.

Akwai wuraren da jami'an kamfani ke yawo da na'urar karɓar kuɗi, kuma aikinsu ne halal. A nan rasit ne alƙali: wanda na'ura ta buga, da sunan kamfani, da lambar asusunka, da adadin da ka biya. Takardar da aka rubuta da biro a kan gwiwa ba rasit ba ce, ko da an buga mata hatimi. Ni dai shawarata ga mai kasuwanci ita ce ya riƙa biya a ofis, ko a banki, ko ta hanyar da kamfani ya amince da ita, kafin ranar biya ta cika, yadda ba zai taɓa buƙatar ciniki a bakin ƙofa ba. Dole kuma a faɗi gaskiya: wani lokaci mai karɓar kuɗin a aljihu ma'aikaci ne na gaske. Wannan bai canja komai ba. Kuɗin da ya shiga aljihu ba ya rage ko kwabo a bashinka, kuma wata mai zuwa za ka ga adadin yana nan, ya ƙaru.

Idan suka dage sai sun yanke, bar su su yanke, ka ɗauki hoto, ka tafi ofis da rasit ɗinka. Kada ka riƙe tsani, kada ka yi ihun ɓarawo ka tara 'yan layi. Taron kasuwa ba ya bincike kafin duka, ana iya illata ma'aikaci mai gaskiya, kuma ko ɓarawon ne, hukunta shi aikin hukuma ne.

Ta waya

Wannan ya fi sauƙi ga mazambaci, domin ba ya buƙatar tsani. Kira ne, ko saƙon tes, ko na WhatsApp mai ɗauke da tambarin kamfani a wurin hoto. Za a yanke maka wuta nan da awa ɗaya. Za a toshe mitarka idan ba ka sabunta ba. An gano an caje ka fiye da kima, za a maido maka da kuɗi, turo lambar katinka. Wani lokaci mai kiran ya san sunanka da adireshin shagon, har da lambar mita, sai ka ce lalle daga ofis yake. Ai waɗannan bayanai suna jikin mitar da ke bango a waje, suna jikin bil ɗin da aka soke a ƙofa, suna jikin rasit ɗin da aka yar a kwandon shara. Sanin su ba shaidar komai ba ne.

Kashe wayar, ka kira lambar da ka sani. Idan kuma har ka kai ga tura kuɗi, akwai wata daƙiƙa mai daraja da mutane ke tsallakewa cikin gaggawa: bayan ka sa lambar asusu, kafin ka sa lambar sirri, banki yana nuna maka sunan mai asusun. Tsaya ka karanta. Idan sunan mutum ka gani, ko sunan wani ɗan kamfani da ba ka taɓa ji ba, fasa. Za a ce maka asusun ofis yana da matsalar sabis, wannan na akanta ne. Fasa dai. Kamfanin da ke raba wuta ga jihohi uku ko huɗu ba ya karɓar kuɗinsa a asusun akanta.

Lambar sirrin kati, da lambobi ukun da ke bayan katin, da lambar da banki ke turowa ta tes don tabbatar da ciniki, babu kamfanin wuta da ke buƙatarsu, ko don karɓar kuɗi ko don maido da shi. Haka mahaɗin intanet da aka turo a saƙo: kada ka latsa. A kula kuma da neman lambar kamfani a Facebook, domin shafukan bogi masu tambari iri ɗaya suna sa ido kan masu rubuta ƙorafi a ƙarƙashin sanarwar kamfani, sai su bi mutum ta akwatin sirri da sunan za su taimaka.

Yunit mai araha

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ne kwaɗayi ke taya mazambaci aiki. Tun watan Afrilu na 2024, lokacin da aka ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage shi, masu firiza da injina suka shiga matsi na gaske. Sai ga masu cewa suna da hanya a ciki: kawo naira 10,000 a ba ka yunit 100.

Yi lissafin da kanka. A farashin da ya haura naira 200, ga harajin kashi 7.5 cikin 100 a kai, naira 10,000 ba ta kai ka yunit 50. To ragowar daga ina? Katin wuta lambobi 20 ne da na'urar kamfani ke fitarwa don mita ɗaya kaɗai, sau ɗaya ake loda shi, ba ya shiga wata mitar. Babu wani rumbun kati da mutum zai saya da sari ya karyar. Abin da ke faruwa shi ne ɗayan uku. Ko ka tura kuɗi a toshe lambarka. Ko a turo lambobin da mita za ta ƙi karɓa, a ce sabis ne, ƙara kaza a gyara. Ko kuma, wanda ya fi ciwo, a karo na farko mazambacin ya sayi kati na gaske da kuɗinsa ya ba ka, ka loda ya shiga, ka gamsu, ka gaya wa maƙwabta. Karo na biyu ka tura na wata uku, maƙwabta suka tura nasu ta hannunka. Daga nan waya a kashe, kai kuma ga ka tsakanin asara da jin kunyar mutanen da suka yarda da kai.

Ɗan'uwan wannan shi ne mai cewa zai goge maka tsohon bashi daga kwamfuta, ko zai sauko da kai daga rukunin A zuwa C. Rukuni na layin da ke ba unguwa wuta ne gaba ɗaya, ba na shago ɗaya ba, kuma ba a bakin kanti ake canja shi ba. Bashi kuwa, idan kana ganin an ɗora maka na zalunci ta hanyar bil ɗin ƙiyasi, akwai iyakar da NERC ta fara sanyawa tun 2020 kan abin da za a caji wanda ba shi da mita, kuma ana ƙalubalantar bil a rubuce. Hanya ce mai cin lokaci, amma abin da aka rage ta nan ya ragu ke nan.

Idan wurin mai POS kake sayen kati, ka tsaya a kan mutum ɗaya mai shago tsayayye. Kafin ya tura, ya nuna maka sunan da ya fito a kan lambar mitar. Ka karɓi rasit, ka duba yunit nawa aka ba ka da abin da aka cire na bashi, ka loda tun ba ka manta ba.

Mita da taransifoma

Ƙarancin mita ya buɗe wata kasuwar. Akwai shirin MAP, inda mutum ke biyan kuɗin mita ta hanyar da kamfani ya tsara, da tanadin a maido masa a hankali ta yunit, akwai kuma shirye-shiryen gwamnati da aka raba mita kyauta, irin wanda aka fara a 2020. Ko wanne ne, rajista a wurin kamfani ake yi, biyan kuma ba a hannun mutum ba. Mai cewa ka ba shi kuɗi ya kawo maka mita gobe, in ya kawo ma, tana iya zama wadda aka ciro daga wani gida, da sunan wani da bashin wani, ko wadda ba ta cikin rajistar kamfaninku, ka ga ba za ka iya saya mata kati ba.

Abin da ya faru a 2024 darasi ne. An buƙaci a sabunta mitoci kafin 24 ga Nuwamba ta hanyar loda wasu lambobi na musamman kashi biyu, kowanne 20, kuma hukuma ta bayyana cewa kyauta ne. Duk sanarwar gaskiya irin wannan, wadda ke da wa'adi kuma mutane ba su gama fahimtarta ba, dama ce ga mai son karɓar kuɗin aiki a kan abin da ba a sayarwa. In ka ji sabuwar sanarwa, ofis za ka tambaya ko da kuɗi a ciki.

Karo-karon gyaran taransifoma kuwa kowa ya san shi. A ƙa'idar NERC, sayen taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfani ne, ba na jama'a ba. Na san 'yan kasuwa sukan gaji da jira su haɗa kuɗi, kuma ban ga laifin wanda kayansa ke narkewa ba. Amma a yi shi da sanin ofis a rubuce, da kwamitin mutanen da aka sani, da takardar abin da aka tara da abin da aka kashe. Haka a rukunin shagunan da ke kan mita ɗaya: mai tara kuɗin ya riƙa manna rasit inda kowa zai gani, domin an sha ganin 'yan haya suna biya wata da watanni, ranar yanka a tarar ko sisi bai isa kamfani ba.

In ɓera da sata

Daddawa ma da wari. Mai shagon da ya yarda aka yi masa haɗin bayan mita, ko aka taɓa ta don ta rage gudu, ya miƙa wuyansa. Wanda ya yi masa aikin ya san sirrinsa, kuma ba abin mamaki ba ne bayan 'yan makonni wasu su zo da sunan masu bincike, su nufi daidai inda wayar take ba tare da nema ba. Ba zai iya kiran ofis ba, ba zai iya zuwa wurin 'yan sanda ba, sai biya, kuma za su dawo. Idan masu binciken gaske ne suka zo, tarar da NERC ta sabunta a farkon 2025 ta kai naira 100,000 a karon farko ga mai layi ɗaya, naira 200,000 ga mai layi uku, ban da kuɗin wutar da aka sha a baya. Ga haɗarin gobara a kasuwar da shaguna ke manne da juna. Wanda ke cikin wannan hali, gara ya je ofis da ƙafarsa a daidaita.

Yaron shago

Duk wannan ilimi ba shi da amfani idan yana kanka kai kaɗai, domin an fi zuwa lokacin da ka tafi masallaci ko sari. Yaro yana tsoron ka dawo ka tarar an yanke wuta ka yi masa faɗa, sai ya buɗe durowa. Cire masa wannan tsoron. Gaya masa a fili: "Ko wane ne ya zo, ko me ya ce, ba ka da izinin ba da kuɗin wuta. Ka ce maigida ba ya nan, ka kira ni. In sun yanke, ba laifinka ba ne." Jumlar ƙarshen ita ce mai aikin. Haka za a gaya wa mai tsaron kanti, da akawu, da uwargida idan sana'ar a gida ake yi, kamar masu ƙulla zoɓo da kunun aya, waɗanda ake yawan tarar da su su kaɗai da rana.

Mutum ɗaya ne zai riƙa biyan kuɗin wuta, a rana sananniya cikin wata. A sami fayil guda na bil da rasit, a jere bisa wata. Rasit ɗin na'ura yana goge cikin 'yan watanni, musamman a zafinmu, don haka a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa. Idan sabon bil ya zo, a duba ko biyan da ya gabata ya fito a jiki. In bai fito ba, a je ofis a makon, kada a bari ya kwana biyu. Wannan tsari shi ne dai na kuɗin ruwa da na kwasar shara.

Idan an riga an cuce ka

Kuɗin da aka tura ba ya daɗewa a asusun da ya sauka, ana kwashe shi ko a rarraba shi nan da nan, saboda haka banki ne farko, a cikin sa'ar. Ka kira su ko ka je da kanka, ka ba da lambar cinikin, da lokaci, da asusun da kuɗin ya shiga, ka nemi su tuntuɓi bankin can a riƙe asusun. Idan ka ba da lambobin katinka, a toshe katin take, a canja lambar sirri. Kada ka goge saƙonni don haushi; ɗauki hotonsu, da lambar da ta kira ka. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takardar shaida, domin banki yakan nema, kuma EFCC na karɓar ƙorafin zamba. Idan banki ya yi mako biyu bai yi komai a kan ƙorafinka ba, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, amma wanda ya yi sauri ya fi samun dama.

Ka sanar da kamfanin wuta a rubuce, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, musamman idan kana zargin da hannun ma'aikaci. Suna da kwanakin aiki 15 su warware ƙorafi. In ba su yi ba, sai ka ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi na NERC da ke yankinku, ko hukumar wuta ta jiha a jihohin da suka karɓi ragamar bayan dokar lantarki ta 2023. Sannan ka gaya wa shugaban layinku ko ƙungiyar 'yan kasuwa, da lambar wayar da sunan asusun da aka yi amfani da su, ko da kana jin nauyin a ce an yi maka wayo. A kula kuma da kira na biyu: bayan kwana kaɗan wani zai iya bugowa ya ce shi jami'i ne, an kama waɗanda suka cuce ka, turo kuɗin buɗe fayil a maido maka da naka. Su ne dai suka dawo da wata murya.